Kalma Huɗu da Ƙugiya

Zuwa ga Yaya Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai nauyi, ke da maigida da yara, da 'yan makarantar da kike azabtarwa da Turanci. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, alama kuwa ita ce ta koma bi na da faɗa har ƙofar gida.

Na san zumuncinmu sai an ƙirga da yatsu, kakata da kakanki ne ciki ɗaya, na kuma san ba na rubuto miki sai da tsiya. Wannan karon ba wasa ba ne. Ke kaɗai ce a dangi kika sha Turanci kuma kike iya karanta ajamina, don haka ki daure ki kai ƙarshe.

Kin san shekara biyu ke nan ina ɗinki a kamfanin da ke yi wa makarantu riguna. Keke goma sha takwas ne a ɗaki ɗaya, nawa na jikin taga, inda iska ke shigowa. Shugaban ɗakin muna kiransa Almakashi a bayan idonsa, don shi ke yanka yadi, bakinsa ma yanka yake yi. Yana da wata baƙar kwat da yake ratayewa a ƙusa, ba ya sa ta sai baƙi sun zo. Ranar Talata da ya fita alwala, na ɗauko kwat ɗin na ɗinke bakin hannun dama. Ɗinki ne mai kyau, Yaya, baƙin zare a kan baƙin yadi, da kin gani sai kin yaba mini. Ban san a ranar ne shugabannin makarantu uku za su zo duba kaya ba. Ya zura kwat a gaggauce, ya miƙa hannu zai gaisa, babu hannu. Babban cikinsu ya tsaya yana kallon bakin rigar, har ya fara yi masa jaje.

Da baƙi suka tafi ya sa aka tsayar da kekuna duka. A gaban kowa ya ce wanda bai iya rubuta sunansa da boko ba, me zai iya in ba ɓarna ba. Ya ce alfarma aka yi mini da aka bar ni ina shan iskar taga. Zuciya ta ɗebe ni. Na zare makullin durowata na ajiye a kan teburin yanka, na ce na bar aikin. Madam, mai kamfanin, tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta jin Hausa ko “zo”, amma ta ga makulli, ta kuma ga ƙeyata.

Ban kai kwanar titi ba na fara da-na-sani.

Bayan kwana biyu maigadin kamfanin ya kawo mini takarda daga Madam. Layi ɗaya ne, da sa hannunta a ƙasa. Masu karanta Turanci a wurin su biyu ne, Almakashi da akawu, shi kuma akawun watan jiya na zuba masa gishiri a shayi. To wa zan kai wa? Ko sun karanta mini ba zan yarda ba. Sai na zauna na zana miki kalmomin yadda muke kwaikwayon rubutun malam a allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya don kada su cakuɗe, tun daga farkon layi:

reconsider
not
you
will

Ainihin takardar ba zan ba Kawu direba mai kai miki wasiƙa ba, kin san shi, yana iya goge madubin mota da ita.

Abu ɗaya nake so ki gaya mini: kora ce ko kira? Ina son aikin nan, Yaya. Ban san ina son sa haka ba sai da na wayi gari babu ƙarar keke a kunnena. Kuma don Allah kada Inna ta ji.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ƙafar Inna, ka gaishe ta da kyau, ka ce ta rage tsayuwa. Mu ma lafiya, sai ƙaramar da ke fitar da haƙori ta hana kowa sakat, ga takardun jarrabawa jibge a gabana ban duba ko rabi ba.

Sai da na juya wasiƙarka gaba da baya, na zazzage ambulan, ina neman inda tarkon yake. Ban manta ambulan ɗin bara ba, wanda ka rubuta “gaggawa” a kai, na buɗe a gaban ɗalibai, na tarar da maɓalli guda ɗaya da rubutu wai in kula da shi, maraya ne. Saboda haka kwana biyu na ajiye wannan ban amsa ba. Abin da ya sa na yarda shi ne cewar da ka yi kada Inna ta ji. Mai wasa so yake kowa ya ji.

Zan rubuta maka kowace kalma da baƙin Turawa, sannan yadda ake faɗinta. Doguwar ita ce reconsider, rikonsida. Wannan re da ke kanta yana nufin sake. Mutum ya riga ya yanke shawara, sai ya dawo ya sake auna ta, ko ya canja ko ya bar ta yadda take. Kamar ka gama ɗinki ka ɗaga rigar ga haske kana shawarar ko za ka warware. Tana da 'yan'uwa. Akwai rethink, ritink, wannan ta fi zurfi, a watsar da tsohon yanka a sake tun daga yadi. Akwai review, ribiyu, wannan ta 'yan ofis ce, a bi aiki ko hukunci layi-layi ana neman kuskure.

Sai dai kalma ba ta tafiya ita kaɗai, dole a san wa zai sake tunanin. Sauran ukun, will za ce, not ba ce, you kai ne. Yadda ka jera su ba magana ba ce, kamar a ce “tunani ba kai za”. Na jujjuya su. In na ce you will not reconsider, ma'anarsa ba za ka sake tunani ba, to me zai sa mai kamfani ta aiko maka da labarin zuciyarka? Abin da na fi zato, hannunka ne ya zame wajen zane, you ɗin nan we ce, wato mu: ba za mu sake duba maganar ba. Irin abin da ofisoshi ke rubutawa ke nan in sun rufe ƙofa.

Ban ji daɗin rubuta maka haka ba, ko da yake tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ƙofar da aka rufe ba a hana ƙwanƙwasa ta ba. Ka je ka same ta, ka sunkuyar da kai, ka ce please reconsider, filis rikonsida, wato don Allah a sake dubawa. Ka biya ta kamar hadda har ta zauna.

Ka kuma sake duba takardar. Babu komai ban da kalmomin nan huɗu? Ko ɗigo ne ka gaya mini.

Yayarka

*

Yaya Malama,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah ya fito da haƙorin ƙaramar lafiya, ya sa ke za ta fara cizo. Inna lafiya. Ni ma jiki lafiya, kai ne dai ya ɗaure, irin ɗaurin da zare ke yi a ƙarƙashin keke ka rasa bakinsa.

Wasiƙarki kwana goma sha ɗaya ta yi a hanya. Motar Kawu ta lalace, ya sa wasiƙar a cikin hularsa don kada ta jiƙe, ya kuma manta. Bari in ba ki labarin abin da ya faru tana kan Kawu.

Kullum da safe nakan fita kamar mai zuwa aiki, in je in zauna a shagon mai zare. Da yamma in ɗebi guntayen zare in yayyafa a wandona, don ranar farko Inna ta tambaye ni yadda aka yi na dawo fes kamar ɗan ofis. Ina zaune ran nan sai ga Madam ta shigo neman zif. Babu wurin ɓuya sai bayan dilar yadi, ita kuma ba ta kai ni tsawo ba. Ta gan ni. Fuskarta ba ta masu fushi ba ce, amma ai wasu da murmushi suke kora. Ta yi magana mai tsawo, na kama gutsure biyu: cenj yo main, da silif on it. Mai zare ba ya karatu, amma yana da Turancin kasuwa a kunne. Da ta fita ya fassara mini. Na farko wai in canja hankalina. Na biyu wai in kwana a kanta.

Na farkon ya ɓata mini rai. Wato hankalin nawa ne ya lalace har sai an canja, kamar allurar keke? Na biyun kuwa ban ga wuyarsa ba. Na ninke takardar na sa ƙarƙashin matashi. Kwana biyar ina kwana a kanta, ban ga komai ba sai mafarkin Almakashi yana bi na da kwat.

Sai ga wasiƙarki, wai an rufe ƙofa. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Amma na yi yadda kika ce, na biya filis rikonsida har mai zare ya roƙe ni in koma waje. Ranar Litinin na tare Madam a bakin get tana fitowa daga mota. Na ɗan rusuna na faɗa. Ta ware ido, ta dafa ƙirjinta ta ce, “Mi?” Na yi murna ta fara Hausa, ga shi tana tambayata me na ce, sai na sake faɗa da ƙarfi. Ta nuna ni da makullin mota.

“No. Yu rikonsida.”

“Filis rikonsida,” na ce.

“Yu. Yu rikonsida.”

Haka muka tsaya muna jefa wa juna kalma ɗaya kamar yara masu mayar da zagi, kai ne, a'a ke ce, maigadi na riƙe da ƙofa bai san ko ya buɗe ko ya rufe ba. Ƙarshe ta ɗaga hannu biyu sama ta shige.

Maigadi ya ja ni gefe ya ce an lulluɓe kekena da yadi, Madam ta hana a taɓa shi sai ƙarshen wata. Amma kuma an kawo wani dogo mai gilashi an gwada shi, ɗinkinsa kamar an ja da rula, ranar ɗaya ga wata zai fara. To Yaya, in an kore ni, me ya sa ake tsare mini keke? In ba a kore ni ba, me dogo yake nema? Maigadi ya ce wataƙila takaba keken yake yi.

Ga shi kin ƙara mini ruɗu da dangin kalmar. Yanzu ban sani ba ko ritink nake, ko ribiyu ake yi mini, ko dukanmu muna cikin rikonsida. Ya kamata Turawa su zaɓi ɗaya su bar sauran su huta.

Kin ce in sake duba takarda. You ɗin nan na sake zana ta sau uku a bayan wannan wasiƙa, ki gani da idonki, haka take. Na sha bulala a makaranta a kan surutu da tsokana, amma ban taɓa sha a kan kuskuren kwafi ba. Abin da na bari kawai wata ƙugiya ce a farkon layin, kafin doguwar kalmar, kamar hamza mai ɗigo a ƙasa. Na ɗauka gwada biro ta yi.

Saura kwana tara wata ya ƙare. Na roƙi Kawu ya riƙe wannan a hannu, ba a hula ba.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, kowa lafiya. Haƙori ya fito, kuma maigida ta ciza ba ni ba. Ka karanta wannan a tsaye.

Ƙugiyar nan alamar tambaya ce, a ƙarshen magana Turawa ke sa ta. Kai kuma ka ce a farko take. Na daɗe ina kallon wannan kafin in gane: farkonka ba shi ne farkonsu ba. Daga dama ka faro, yadda ka saba a allo, su kuwa daga hagu suke farowa. Ka bi jerinka daga ƙasa zuwa sama: will you not reconsider? Wato, ashe ba za ka sake tunani ba? Roƙo ne, Auta. Matar nan tun kwana biyu da tafiyarka take kiranka.

Rabin laifin nawa ne. Na ga kalma huɗu, ina cikin gajiya da zarginka, na zaɓi mafi munin fassara, na kuma ɗora maka kuskuren da ba ka yi ba. Sannan na tura ka ka roƙi mai roƙonka. Ka yafe mini.

Change your mind ba zagi ba ne. Mind a nan ra'ayi ne, ba lafiyar kai ba, tana nufin ka sauya shawara. Sleep on it kuma shi ne kada ka yi gaggawa, ka bar magana ta kwana a ranka kafin ka ba da amsa. Ka ciro takardar mutane daga ƙarƙashin matashi. Mi ɗin da ta ce a bakin get ba “me” ta Hausa ba ce, da Turanci “ni” take nufi: ni zan sake tunani? Gaskiyarta. Kai ka ajiye makulli, kai ka yanke shawara, don haka kai ake jira.

Ka je ka ce I have reconsidered, ai haf rikonsidad, na sake tunani. In ta gagare ka, ka ce I changed my mind, ai cenjd mai maind. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya taka, kada kuma ka ɗauki mai zare tafinta.

Ban ba Kawu wannan ba. Wata malamar makarantarmu za ta biyo ta wajenku, ta yi alkawarin sa ta a hannunka.

Yayarka

*

Yaya Malama,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ki, da jaje ga maigida da yatsansa. Mu lafiya. Na gaya wa Inna komai. Ta ce ta sani tun satin farko, don shekara biyu shuɗin zare da fari nake dawowa da su, rana ɗaya na koma ja da ruwan goro.

Wasiƙarki ta iso saura kwana biyu wata ya ƙare, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: ban yarda da ke ba. Na ce ga ranar ramuwar maɓalli ta zo. Jiya ta ce an kore ni, yau ta ce roƙona ake, gobe in je in faɗi wata kalma a gaban mutane, ashe ma'anarta ni jaki ne. Da ni ne haka zan shirya ta. Na san boko a karkace yake tafiya, amma ban taɓa kawo wa raina cewa maganar ma daga can take farowa ba. Sai na tafi wajen mai rubuta allon shaguna na tsaya a bayansa. Allo uku ya rubuta ina kallo, duka daga hagu, har ya tambaye ni ko an aiko ni ne. Haka na ɓatar da yini guda.

Ranar ƙarshe na shiga ofishin Madam. Na ce ai haf rikonsi, sai sauran ta maƙale, ni da na haddace izu arba'in. Na koma kan ta biyun ina nuna kaina da yatsa. Ta yi dariya har ta cire gilashinta. Na miƙa hannu ina jiran makulli. Ba ta ba ni ba. Ta kai ni ƙofar ɗakin ɗinki, ta nuna mini teburin yanka, ta juya abinta.

Nan Turanci ya ƙare.

Kekuna suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Dogo mai gilashi yana zaune a benci, ya zo ganin wuri. Na tsaya a gaban Almakashi na ce, “Oga, a yi haƙuri.” Bai ɗago ba. Ya ce ƙarar kekuna ta hana shi ji, alhali ko ƙuda ya wuce za a ji shi. Na sake faɗa. Ya ce a yi haƙuri da wa, waye ya yi me? Sai na faɗe ta yadda take, na ce ni na ɗinke kwat, ni na kunyata shi a gaban baƙi, ina roƙon ya yafe mini. Ya ci gaba da yanka har ya kai ƙarshen yadi, sannan ya ce, “Zan duba.”

Yaya, wannan Hausa ce, yarena da na sha a nono, amma wallahi ta fi rikonsida duhu. Zan duba na nufin to, zan duba na nufin a'a, zan duba na nufin ɓace mini da gani, kuma ba ni da wanda zan rubuta wa ya fassara mini. Sai na ƙi motsi. Ya shimfiɗa wani yadin ya yanka, ina tsaye. Ya shimfiɗa na uku. Da ya gama ya tura mini ɗaurin kwalar riga da gwiwar hannu, ya nuna can ƙuryar ɗaki da haɓarsa.

Keken taga na dogo ne yanzu. Nawa yana baya, jikin teburin guga, inda tururi ke dafa mutum tun hantsi. Na zauna na ɗauki kwalar farko.

Yau kwana shida Almakashi bai yi mini magana ba. Jiya dai da ya zo wucewa ya ɗauki kwala ɗaya cikin waɗanda na gama, ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da farce tun daga wannan baki har wancan. Ya ajiye ta a kan sauran, ya gyara mata zama, ya wuce.

Ƙaninki,
Auta